Kun Cire Dikoda, To Wa Ke Biyan Kuɗin Data?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ƙanena ya zo gaishe ni. Ya tarar da ni a falo ina biyan kuɗin dikoda ta waya, yara sun kewaye ni suna jiran hoto ya dawo. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ce, "Yaya, har yanzu kana kan wannan abin? Ai mu tuni muka naɗe wayoyinsa muka ɗora saman wadirob. Yanzu komai a intanet yake, ga araha ga zaɓi."

Ban tanka masa ba a lokacin. Sai da muka ci abinci na ɗauko biro da bayan wata tsohuwar takardar jarrabawar yara, na ce ya faɗa mini duk abin da ya fita daga aljihunsa a watan jiya saboda kallo, kada ya tsallake ko sisi.

Ya fara da gadara. Manhajar fina-finan waje, naira 6,500. Wata da yake kallon ƙwallo a waya, 3,500. Wata ta fina-finan Hausa da maiɗakinsa ke bi, 1,500. Ya ce, "Ka gani ko? Dubu sha ɗaya da ɗari biyar kacal." Na ce, to data fa? Nan muryarsa ta yi ƙasa. Rautar gida, wato na'urar da ke raba intanet, ta ci 24,000, ta ƙare saura kwana shida wata ya cika, ya ƙara mata 6,000. Manyan 'ya'yansa biyu kuwa, yau ɗari biyar, jibi dubu ɗaya, da muka bi saƙonnin banki ɗaya bayan ɗaya sai ga kusan 5,000. Jimilla ta haura naira 46,000. Dikodan da ya cire don ya yi masa tsada, 19,000 yake biya.

Abin da ya dame ni ke nan, kuma ba ƙanena kaɗai ba ne. A majalisa, a ofis, a wurin ɗaurin aure, kullum sai ka ji wani yana alfaharin ya rabu da dikoda ya huta. Ra'ayina shi ne, a yawancin gidajenmu masu mata da yara, komawa kallo ta intanet bai rage kuɗin ba. Watsa shi ya yi, ya yi masa gutsi-gutsi, har maigida ya daina ganinsa. Da can kuɗi ɗaya ne mai zafi da ake biya sau ɗaya a wata, kowa a gidan ya san ranarsa. Yanzu ya koma ƙananan ramuka goma a ƙasan tulu. Kuma duk wanda bai sa kuɗin data a lissafinsa ba, bai yi lissafi ba tukuna.

Haushin da ake ji na dikoda yana da dalili

Kada a ɗauka ina kare kamfanonin dikoda ne. Wanda ya fusata ya cire nasa yana da hujja.

A farkon 2023, tsarin Compact na DStv naira 9,000 ne a wata. A watan Mayu na shekarar ya koma 10,500, a Nuwamba 12,500, a Mayun 2024 ya zama 15,700, a Maris na 2025 ya kai 19,000. Cikin shekara biyu ya ninka har da ɗoriya. Babban tsarin, Premium, ya tashi daga 21,000 zuwa 44,500 a tsakanin wannan lokacin. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato ƙaramin ma'aikaci da zai ce sai Premium, kusan kashi biyu cikin uku na albashinsa zai miƙa.

Kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya ce faɗuwar darajar naira da tsadar gudanarwa ne suka tilasta masa, domin haƙƙin nuna wasanni da fina-finai da kuɗin waje ake sayensa. Akwai gaskiya a ciki. Amma shi mai biya albashinsa da naira ake ba shi, kuma a wannan lokacin ne aka cire tallafin mai, buhun shinkafa ya yi tashin gwauron zabo. Shi ya sa mutane suka yi ta barinsa. Rahoton kamfanin da kansa ya nuna ya rasa masu biya kimanin miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu zuwa Maris na 2025.

To, an gudu. Abin tambaya shi ne ina aka faɗa.

Kuɗin da ba a rubuta a jikin talla ba

Idan ka biya dikoda, ka gama biya. Hoton daga tauraron ɗan'adam yake saukowa kan dish ɗinka, ko ka kunna awa ɗaya ko ka bar shi a kunne daga asuba zuwa tsakar dare, kuɗin ɗaya ne. Kallo ta intanet kuwa sau biyu ake biyansa. Ka biya mai manhaja kuɗin shiga, sannan ka biya kamfanin waya kuɗin hanya. Na biyun ba shi da iyaka, da awa yake tafiya, kamar mitar wuta.

Netflix, manhajar fina-finan waje, da kanta ta bayyana abin da kallo ke ci: kimanin gig ɗaya a awa idan hoton na yau da kullum ne, har gig 3 idan mai tsabta sosai ne, har gig 7 idan mafi ƙololuwa ne. Mu ɗauki gidan da ake kunna talabijin awa uku kacal a rana, kuma kowa ya san a gidan da ke da yara awa uku wasa ne. A hoton yau da kullum, gig 90 ke nan a wata. Idan talabijin ɗin babba ce, ta zaɓar wa kanta hoto mai tsabta, kamar yadda suke yi idan ba a hana su ba, lissafin zai iya kaiwa gig 270. Je ka tambayi mai sayar maka da data nawa ne wannan.

Sannan a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da har kashi 50 cikin ɗari. Ita ma Netflix ba ta zauna wuri ɗaya ba. Babban tsarinta a Najeriya naira 4,400 ne a farkon 2024, ya koma 5,000 a Afrilu, 7,000 a Yuli, sannan 8,500 a 2025. Ƙaramin tsarin waya ya tashi daga 1,200 zuwa 2,500. Dalilin da ya sa dikoda ya yi tsada, shi ne ya bi su ma: kayan na waje ne, kuɗinmu ya karye. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

"Ai data dama ina saye"

Wannan ita ce hujjar farko da ƙanena ya kawo da ya ga jimillar. Ya ce, "Yaya, ba ka yi mini adalci ba. Ko ba na kallo ai dole in sayi data, da ita nake aiki, da ita nake magana da mutane."

Haka ne, kuma na yarda mu cire kason aiki. Muka cire kashi ɗaya cikin uku na kuɗin rautar, har ya ce na yi masa sassauci. Abin da ya rage bai sauko ƙasa da 36,000 ba.

Dalili kuwa a fili yake. Saƙon rubutu da muryar da ake turawa a WhatsApp ba su da nauyi. Mutum zai yi mako yana aika saƙo bai cinye abin da fim ɗaya zai lamushe a dare guda ba. Kafin ya cire dikoda, ƙanena ba shi da rauta ma. Datar wayarsa ta wata tana isarsa. Ya sayi rautar ne takanas saboda talabijin, amma da ya zo lissafin kallo sai ya ajiye ta gefe kamar ba ta cikin dangi.

Ba rashin gaskiya ba ne, haka zuciya take. Kuɗin da ya fita dunƙule ɗaya shi ke da ciwo. Wanda ke fita ɗari biyar-ɗari biyar, yaro ya zo ya durƙusa ya ce "Abba, datata ta ƙare, za mu yi aikin makaranta," wannan ba ya shiga littafi. Da yayyafi kogi ke cika.

Hujjar da ta fi ƙarfi: wuta

Akwai ƙorafi ɗaya da ba ni da yadda zan kauce masa, domin ni ma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Dikoda ba ya aiki sai da wuta, kwanakinsa kuwa suna tafiya ko da wuta ko babu.

Kowa a Arewa yana tuna Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo mana wuta suka lalace, jihohi da dama suka kwana fiye da mako guda a cikin duhu. Ko ba wannan ba, a unguwarmu idan aka ba mu awa shida a rana mun gode Allah, kuma sau da yawa da tsakar dare ake kawo ta, lokacin da kowa ya yi barci. Ka biya kuɗin kwana talatin, ka kalli abin da bai fi na kwana goma ba. Idan kuma ka ce za ka tayar da janareta saboda wasan ƙwallo, litar fetur biyu ta tafi. Da damina kuwa, da hadari ya haɗu sai hoto ya tsaya cak.

Waya ba ta da wannan matsalar. Ka yi mata caji a shago ko da ƙaramar sola, ta kai ka dare. Data kuma, duk da tana da wa'adi, ba ta raguwa don kawai an ɗauke wuta. Ga gwauro, ko ɗalibi, ko direban da ke kwana a hanya, ko ma'aikacin da iyalinsa ke wani gari, babu ko tantama waya ta fi masa. Mutum ɗaya, ƙaramin allo, hoto mara nauyi: ƙaramin tsarin manhaja da 'yar data sun ishe shi, kuma ba zai kai kuɗin dikoda ba. Wanda ya ce wa irin wannan ya sayi dikoda ya cuce shi.

Amma lissafin yana juyewa da zarar an zama gida. Dikoda ɗaya mutum goma za su zauna a gabansa, kuɗin bai ƙaru ba. Waya kuwa kowa da tasa, kowa da abin da yake kallo, kowa mitarsa na gudu. Uwargida tana ɗaki da shirinta, amarya da nata, samari biyu suna zaure kowa da ƙwallonsa, rauta ɗaya tana shayar da su duka. Abin da ya zama araha ga mutum ɗaya, a gidan mutum goma ninki yake yi.

Kuma matsalar wutar ba hujja ce ta barin dish gaba ɗaya ba, hujja ce ta neman a sayar mana da kallo daidai yadda muke iya amfani da shi. StarTimes ta daɗe tana sayar da na rana da na mako. Tunda wani ya iya, ban ga abin da zai sa a ce wa sauran ba zai yiwu ba. 'Yan majalisa sun sha tayar da maganar a biya gwargwadon abin da aka kalla, a yi zama, a watse, shiru. A ƙasar da mutum ke sayen man gyaɗa na ɗari biyu da sukari ƙulli ɗaya, tilasta masa sayen wata guda cur rashin sanin kasuwa ne.

"YouTube ai kyauta ne"

Wannan maganar tana ba ni takaici fiye da sauran, saboda ta shafi namu.

Tun da kasuwar faifan CD ta mutu, masu shirya fina-finan Hausa da yawa suka koma yin shiri mai dogon zango suna ɗorawa a YouTube mako-mako. Mata a gida, matasa a shago, har da dattawa, kowa na jiran ranar da sabon kashi zai fito. Ana cewa kyauta ne. Amma duk kashi ɗaya mai tsawon awa guda, ka biya kuɗin datarsa. Idan shiri huɗu kake bi, ga wa'azi, ga barkwanci, ga gajerun bidiyon TikTok da ba sa ƙarewa, a wata ka biya kuɗi mai kauri.

Abin da ke ci mini rai shi ne inda kuɗin ke zuwa. Kamfanin waya ne ya karɓe shi. Wanda ya rubuta labarin, da wanda ya riƙe kyamara a rana, da 'yar wasan da ta bar 'ya'yanta ta kwana a wurin ɗauka, su sai ɗan abin da talla ta kawo, tallar da ake biya wa mai kallo daga Najeriya kuwa ba ta kai ta mai kallo daga Turai ko Amurka ba. Mun biya, amma ba mu biya masu aikin ba.

Da aka fito da manhajojin fina-finan Hausa na biya, irin su Northflix, mutane da yawa suka ce ba za su iya ba, ya yi tsada. Mutumin da ya ƙi ba da dubu ɗaya ko biyu ga mai fim, shi ne zai ƙona ta dubu biyar a data bai ji komai ba. Wani kuma ya miƙa wayarsa ga masu tura fina-finai a bakin kasuwa, a cika masa ita da 'yan canji. Na san ana yi, na san dalilin da ya sa ake yi, domin babu data a ciki kuma babu jiran sabis. Amma gumin wani ne ake sayarwa ba da izininsa ba, kuma ba na son a kira wannan dabarar tsimi. Idan har za mu kashe kuɗi a kan kallo, ni dai na fi son wani kaso ya isa hannun waɗanda suka yi wahalar.

Haka batun karɓar lambar sirrin wani. Mutum ɗaya ya biya, abokai shida su rataya. Tun 2023 Netflix ta fara toshe wannan ƙofar, tana cewa asusu na mutanen gida ɗaya ne. Ko ba ta toshe ba, ai shi mai ratayen kuɗin shiga kawai ya tsallake. Na hanya yana nan yana jiransa.

Abin da ke cire kuɗi kana barci

Dikoda yana da hali ɗaya da nake yabawa: idan ba ka biya ba, sai ya yanke. Shirunka na nufin a'a. A manhaja kuwa shirunka na nufin e.

Ya taɓa faruwa da ni. Wata manhaja ta ba da gwajin mako guda kyauta, aka ce sai na sa lambar katin banki. Na sa, muka kalli abin da muke so, na manta. Sai bayan wata uku, ina duba bayanan asusuna saboda wani dalili daban, na ga ana cire kuɗi duk ranar sha bakwai ga wata, da misalin ƙarfe biyun dare. Saƙon yana shigowa, amma yana nutsewa a cikin tarin saƙonnin banki na cire naira goma da naira hamsin. Da na je fita, shiga da ta ɗauke ni minti biyu, fitar sai da na yi kusan rabin awa ina lalube, ana tambayata ko na tabbata, ana yi mini tayin ragi. Na goge manhajar daga waya tun farko ina zaton shi ke nan, ashe gogewa ba ta tsayar da biya.

Wannan ba kuskure ba ne daga wajensu, haka aka gina kasuwar. Ana samun riba daga wanda ya kalla, ana samun wadda ta fi ta daga wanda ya biya bai kalla ba. A nan nake ganin hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana da aiki. Ta nuna tana iya tsayawa lokacin da ta gayyaci MultiChoice kan ƙarin kuɗin 2025. To ta waiwayi wannan ɓangaren ma. A wajabta wa duk mai cire kuɗi kai tsaye ya turo gargaɗi kwana biyu ko uku kafin ya cire, kuma fita ta zama da sauƙi kamar shiga. Wannan ba ƙayyade farashi ba ne, hana yaudara ne.

Wanda ke zaton abin zai yi sauƙi nan gaba, ya dubi Amurka, inda aka fara wannan ƙaura. A watan Yunin 2025 kamfanin Nielsen mai auna kallo ya ce a watan Mayu, a karon farko, kallo ta intanet ya zarce na tashoshin iska da na kebul a haɗe. Amma YouTube TV, da aka fito da ita a 2017 a kan dala 35 a wata a matsayin mafita daga tsadar kebul, ta kai kusan dala 83 a farkon 2025. Netflix da ta yi suna da rashin talla ta shigo da tsari mai talla a 2022. Kowane kamfani ya janye fina-finansa ya buɗe tasa rumfar, sai ka biya huɗu kafin ka sami abin da a da yake wuri guda. Su da ke da intanet na gida mara iyaka ke nan. Mu da ake auna mana da gig fa?

Ƙwallo

Mu faɗi gaskiya, a gidaje da yawa ƙwallo ce kaɗai ta riƙe dikoda. Maigida yana biyan tashoshi fiye da ɗari saboda uku ko huɗu.

Idan don kai kaɗai ne, lissafin bai goyi bayanka ba. Ƙungiyarka wasanni kaɗan take bugawa a wata. A gidan kallon unguwarmu naira 300 ake shiga. Ko ka ƙara da lemo ba za ka kashe 4,000 ba. Amma na san uban da ke biyan dikoda don kada 'ya'yansa samari su riƙa kai ƙarfe sha ɗaya na dare a gidan kallo, cikin hayaƙin sigari da zage-zage da masu cacar ƙwallo a waya. Wannan uban ba ɓarna yake yi ba. Ya san abin da yake saye, kuma ba ƙwallo ba ce kaɗai. Ni ma ina cikinsu.

Abin da ban gane ba shi ne mai biya a Yuni da Yuli. Gasar Firimiya ta Ingila daga Agusta take zuwa Mayu. Idan ba shekarar wata babbar gasa ba ce, wata biyu ke nan da za ka sauko ƙaramin tsari ko ka bar shi ya huta. A kan 19,000, ka tsira da 38,000 a shekara ba tare da ka rasa wasa ko ɗaya ba.

Allo ɗaya a falo

Akwai wani abu da biro bai iya rubutawa a takardar nan tamu ba. Lokacin da talabijin ɗaya ce a falo, na san abin da 'ya'yana ke kallo, domin ina wucewa ina gani. Ana faɗa a kan rimot, ƙaramar ta yi kuka, mahaifiyarsu ta raba gardama, a ƙarshe a zauna a kalli abu guda. Idan wani abin da bai dace ba ya gifta, akwai babban da zai canza tasha, kuma yaran suna ganin an canza, suna koyon dalili.

A gidan ƙanena na ga akasin haka da idona. Bayan sallar isha'i falo shiru, talabijin a kashe, amma kowane ɗaki da hasken waya. Ɗansa mai shekara goma sha uku yana kwance ya juya wa ƙofa baya, abin ji a kunne. Ba na zargin yaron da komai. Amma mahaifinsa ne ke biyan kuɗin abin da yake kallo, kuma bai san mene ne ba. Manhajojin suna da wurin kulle abin da yara za su gani, sai dai iyaye nawa ne suka taɓa buɗe wurin? Galibi yaron ne ma ya saita wa uban wayar.

Yadda nake yi a gidana

Ba na cewa kowa ya bi ni, gida-gida ne. Amma tunda na soki na wani, ya kamata in faɗi nawa.

Ginshiƙin kallonmu dish na kyauta ne, wanda aka sayi risiba sau ɗaya aka ɗaura, babu kuɗin wata. A nan muke samun Arewa24, da tashoshin wa'azi irin su Sunnah TV, da tashar da ke nuna Harami kai tsaye, wadda Hajiyarmu ba ta yarda a canza idan ta zo. Mutane da yawa sun raina wannan dish ɗin, alhali rabin abin da ake ƙona data a kansa yana nan a sama kyauta.

A kan wannan, abu ɗaya kawai nake biya a lokaci guda. Lokacin ƙwallo, dikoda. Idan an tafi hutun ƙwallo kuma yara sun sami hutun makaranta, sai in bar dikoda in biya manhaja ɗaya ta wata guda, a kalli abin da aka tara ana so, ranar da na biya kuma a ranar nake soke sabuntawa, tunda kwanakin da na saya ba za su ƙone ba. Da azumi ba na biyan ko ɗaya. Tafsiri ya cika rediyo da tashoshin kyauta, dare kuma na tarawihi ne. Haka idan akwai mai zana jarrabawar fita sakandare a gidan.

Katin da nake sa wa manhaja na wani ƙaramin asusu ne daban da ba na ajiye kuɗi a ciki sai abin da na yi niyyar biya. Abin da za a kalla a waya, a sauke shi da garaɓasar datar dare, a kalla da rana. Na shiga saitin talabijin da na wayoyin gidan na rage ƙarfin hoto, kuma har yau babu wanda ya zo ya ce mini ya ga bambanci. Kuɗin kallo kuma, da datarsa, layi ɗaya ne a littafin cefane, a ƙarƙashin kuɗin makaranta da na magani. Idan wata ya zo da nauyi, shi ake fara tsallakewa.

Ƙanena bai koma wa dikoda ba, kuma ban matsa masa ba. Unguwarsu ta fi tamu rashin wuta, yana da hujjarsa. Amma kafin ya tafi ya zauna ya soke manhaja biyu daga cikin ukun, muka rage ƙarfin hoton wayarsa tare. Ya ninke takardar lissafin ya sa a aljihun gaba, ya ce zai nuna wa maiɗakinsa.

Da daddare ya kira ni. Ya ce, "Yaya, wannan mai ɗaura maka dish ɗin na kyauta, yana zuwa har unguwarmu kuwa?"